Idan ƙasa ta gusa, ina makomar bututun da ke kwance a cikinta?

Ruwan da ke zubowa daga famfo a Misfala ko Jarwal ko Shari'a Mansur, unguwannin Makka, yawancinsa ruwan teku ne. A Shu'aiba, kudu da Jidda, ake ɗebo shi daga Bahar Maliya, a raba shi da gishiri, sannan a tunkuɗo shi cikin manyan bututan ƙarfe ya hauro Makka. Wani kason ma ba ya tsayawa nan, sai ya wuce ya hau duwatsun Sarawat har Ɗa'ifa, garin da ya ɗara bakin teku tsawo da fiye da mita 1,800. Mutanen Abha nasu daga Shuƙaiƙ yake hawa, na Riyad kuma daga Jubail da Ra'asul Khair, tafiyar ɗaruruwan kilomita. Man fetur da Saudiyya ke taƙama da shi ma haka ne: bututun da ya taso daga Abƙaiƙ ya keta ƙasar daga gabas zuwa yamma, kimanin kilomita 1,200, ya ratsa duwatsun Hijaz ya gangara Yanbu', kuma tun farkon shekarun 1980 yake aiki. Da ɗan ƙasa da baƙo, duk rayuwarmu a nan rataye take da ƙarfen da ba mu taɓa gani ba. Ba ma tunawa da shi sai ranar da famfo ya yi shiru aka fara neman lambar mai wayit, wato tankar ruwa.

Galibin mutane suna ɗauka cewa abin da aka binne ya tsira. Da gaskiyarsu ta wani ɓangaren, domin binnewa tana kare bututu daga zafin rana da tayar babbar mota da hannun mai ɓarna. Sai dai ƙasar da ta rufe shi riƙe shi take yi, riƙo kuwa mai tsanani, duk inda ta nufa da shi za ta tafi. Mai gina bene fili ɗaya yake aunawa, ya san irin ƙasar da ke ƙarƙashinsa, ya zuba harsashin da ya dace da ita. Mai shimfiɗa bututu kuwa sai ya bi ta kan fa, ya bi ta rairayi, ya bi ta fadamar gishiri, ya tsallaka kwari, ya hau gangare. A cikin kilomita dubu, mita goma kacal suka lalace, layin gaba ɗaya ya tsaya.

Wani zai ce ai nan ba Japan ba ce, ina mu ina girgizar ƙasa. To, Bahar Maliya ita kanta tsaga ce da ke ci gaba da buɗewa, yankin Larabawa yana janyewa daga Afirka da kimanin santimita ɗaya a shekara, wani wurin ya ɗan fi haka. Ranar 22 ga Nuwamba 1995 girgizar da ta haura maki 7 ta auku a mashigin ruwan Aƙaba, ta yi ɓarna a Nuwaiba ta Masar da kuma Haƙl a ɓangaren Saudiyya. A 2009, yankin Harrat Lunayyir da ke kusa da garin Al-Is, arewa da Yanbu', ya yi ta rawa tsakanin Afrilu da Yuni, na'urori suka ƙirga ƙananan girgiza fiye da 30,000. Mafi girmansu ta zo ranar 19 ga Mayu, ƙasa ta tsage a fili tsawon kilomita 8, hukuma ta kwashe mutane kusan 40,000 daga gidajensu. Narkakken dutse ne ya taso daga ƙarƙashi ya tsaya bai fito ba. A shekara ta 654 bayan hijira, wato 1256, ya fito ɗin, gab da Madina, bayan kwanaki ana jin girgiza, kuma malaman tarihi irin su Ibn Kasir sun ba da labarin wutar. Jazan ma a 2014 ta ji girgiza mai wajen maki 5. Abin ba ya yawan zuwa, amma bututun da aka binne yau ana sa ran zai kai shekara hamsin, wani ya wuce.

Girgizar ƙasa ɓarna iri biyu take yi wa bututu, kuma wanda bai raba su ba zai kashe kuɗinsa a inda ba nan matsalar take ba. Akwai kaɗawa, wadda ita muke ji a jiki: igiyar motsi ta ratsa ƙasa, ta miƙe ta, ta matse ta, ta wuce, komai ya koma mazauninsa. Akwai kuma gusawa, inda ƙasa ke tashi daga wurinta ba ta dawowa. Tsaga, wato inda dutsen ƙarƙashin ƙasa ya dare biyu, ta zame gefe ɗaya ya bar ɗaya, ko gangare ya zaftare, ko jiƙaƙƙen yashi ya saki ya malale.

Kaɗawa, duk da tsoron da take ba mutane, ba ta cika yi wa bututun ƙarfe mai kyakkyawar walda komai ba. Ga lissafin. A girgiza mai ƙarfi, ƙasa na iya motsawa da saurin rabin mita a daƙiƙa, ita kuwa igiyar tana tafiyar wajen mita 2,000 a daƙiƙa. Ka raba na farko da na biyu, sai ka ga kowace kilomita ta bututu za ta miƙe da santimita 25 ne kawai. Zafi ma yana neman miƙe shi fiye da haka: ƙarfe mai tsawon kilomita ɗaya, in zafinsa ya ƙaru da digiri 30, zai ƙara wajen santimita 36 da za a sake shi. Waɗanda kaɗawa ke kayarwa su ne bututan da ake harhaɗawa guntu-guntu, na kankare da na tsohon ƙarfen zubi da na asbestos, domin jikinsu ba ya miƙewa, duk motsin sai ya taru a mahaɗa, bakin wannan ya zare daga cikin wancan ko ya fashe shi. Haka aka gani a birnin Meziko a 1985. Irin waɗannan kuwa su ne suka fi yawa a tsofaffin unguwanni na kusan kowane birni.

Gusawa ce ke karya babban layi. A nan ne kuma dabarar injiniyoyi ta saba wa abin da hankali zai fara kawowa.

Ɗauki bututu mai faɗin mita ɗaya, kaurin ƙarfensa milimita 15, an binne shi zurfin mita ɗaya da rabi. In aka ja shi ta tsawonsa, ƙasa tana riƙe kowace mita da ƙarfin da ya kai nauyin tan huɗu ko kusa da haka. Shi kuma ƙarfen, irin wanda ake kira X65, sai an ja shi da kimanin tan 2,000 kafin ya fara talewa. Ma'ana, a yashi mai sassauci, jan yana iya bazuwa cikin ɗaruruwan mita kafin ƙasa ta gama cinye shi. To a ce tsaga ta zame, ta nemi bututun ya ƙara tsawon mita biyu. In mita 200 ne suka raba wannan ƙarin a tsakaninsu, kowace mita ta miƙe da kashi 1 cikin 100, kuma ƙarfe mai kyau da walda mai kyau suna ɗaukar kashi 2 zuwa 3 ba su yage ba. In kuwa ƙasa ta daskare masa, ko an kafe shi da kankare a kusa, mita 20 kaɗai aka bar wa aikin, to kashi 10 cikin 100 ke nan, babu waldar da za ta jure. Duk wanda ya taɓa cirar rogo ya san wannan: a jigawa in ka ja, saiwar tana biyo ka ɗungurungum, a busasshiyar laka kuwa a hannunka take karyewa. Tun 1975 injiniyoyi biyu na Amurka, Newmark da Hall, suka zayyana wannan lissafi, kuma har yau a kansa ake ɗorawa.

Saboda haka a wurin da layi zai tsallaka tsagar da aka san tana raye, ana sassauta masa ne da gangan. Wanda ya leƙa irin wannan rami ana cikin aiki zai ga ya bambanta da sauran layin. Maimakon siririn rami mai miƙaƙƙen bango, sai a yi shi da faɗi, bakinsa a buɗe, gefunansa a kwance. Ba a zurfafa shi sosai, domin gwargwadon nauyin ƙasar da ke sama gwargwadon riƙon. Ba a mayar da ƙasar da aka haƙo. Yashi mai gari ko tsakuwa mai mulmulallen jiki ake zubawa, kuma ba a daddanne ta, abin da a ko'ina cikin aikin za a kira ha'inci. Jikin bututun ana yi masa rufi mai santsi, wani lokaci a naɗe shi da ƙyallen roba ninki biyu don ya riƙa zamewa a ciki. Sannan a bar shi miƙe ɗoɗar, ɗaruruwan mita ta kowane gefe, babu kwana, babu reshe, babu ɗakin bawul, domin kowane ɗayan waɗannan turke ne da zai hana shi jawo tsawo daga nesa. Bawul ɗin da za a rufe in abu ya faru can bayan wannan yanki ake kai shi. Da irin wannan tsari bututun man da ya taso daga Baku ya bi ta Tibilisi ya sauka Jeyhan ya tsallaka tsagogin Turkiyya.

Akwai kuma zancen kusurwa, wanda ba ya cin ko sisi in an yi shi tun a takarda. Ƙarfe yana jure ja fiye da matsa nesa ba kusa ba. In aka ja shi sai ya tale a hankali, talewar ta bazu. In aka matse shi ta tsawonsa, bangon sai ya tattare a wuri guda, ya yi ninki, duk sauran motsin ya taru a wannan ninkin har ya tsage. A bututu mai faɗi da siririn bango, wannan kan fara tun matsin bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Don haka injiniya yana duba ta wane gefe tsagar ke zamewa, ya karkata layin yadda in ta motsa za ta ja shi maimakon ta matse shi. A girgizar Izmit ta Turkiyya, ranar 17 ga Agusta 1999, wani bututun ruwa mai faɗin mita 2.2 ya gamu da tsagar da ta zame wajen mita 3, kuma kusurwar da ya bi ta sa matsa shi aka yi. Ya tattare a wurare, ya yi ta zubar da ruwa. A wurin kuma da tsagar ke tura gefe ɗaya ya hau kan ɗaya, matsi ba makawa, sai dai a ƙara kaurin bango a kuma rage abin da ake tsammani daga bututun.

Misalin da ake yawan kawowa na nasara shi ne na Alaska, kuma abin lura a cikinsa shi ne a wurin tsagar ƙin binne bututun aka yi. Layin mai tsawon kilomita kusan 1,300, wanda aka gama a 1977, ya tsallaka tsagar Denali. Masana duwatsu suka ce wata rana za ta iya zamewa mita 6 a kwance da mita ɗaya da rabi a tsaye. Sai aka shimfiɗa dogayen ƙarafa a ƙasa, aka ɗora bututun a kai bisa takalma masu santsi, yana tafiya a karkace don ya sami rarar tsawo. Shekara 25 abin yana nan kamar asarar kuɗi. Ranar 3 ga Nuwamba 2002 girgiza mai maki 7.9 ta zo, tsagar ta zame fiye da mita 4 a daidai wurin, bututun ya sulale a kan ƙarafansa, wasu matokarai suka lalace, amma mai bai zuba ba.

Duk wannan lissafi a kan walda yake tsaye. Wani dattijo Bahaushe da ke zama a Hindawiyya, wanda ƙuruciyarsa ta ƙare a aikin walda a sansanonin shimfiɗa bututu, na taɓa tambayarsa, na ce: "Baba, ku da kuke haɗa ƙarfen, me kuka fi tsoro?" Ya ce: "Ɗana, zagayen farko. Shi ne na ciki, ba mai ganinsa. Iska ta kaɗo maka yashi, ko hannunka ya yi rawa, sai ɗan rami ya zauna a ciki. Ka bi da zagaye huɗu a kai, ya yi kyau kamar zane. Washegari masu hoto su zo su naɗa fim ɗinsu, su kore mu nesa, in sun wanke sai ka ga sun zana jan alli a wurin. Ka yanke, ka sake." Yanzu an fi amfani da na'urar sauti wajen leƙa cikin waldar, amma ƙa'idar tana nan: a yankin da ake tsammanin gusawa, dole waldar ta fi jikin bututun ƙarfi, don talewar ta auku a faffaɗan jikin ƙarfe, kada ta taru a siririn zoben haɗi. Abin ban mamaki, ƙarfen da ya cika tauri yana iya zama matsala a nan, domin yana wahalar da mai walda ya fi shi, kuma ba ya talewa da yawa kafin ya yage. Girgizar Northridge ta 1994 a Los Anjalas ta nuna bambancin a titi guda: bututun gas na 1930 mai tsohuwar walda ya tsinke, wuta ta tashi a tsakiyar ruwan da ya ɓalle daga wasu bututan, gidaje suka ƙone, alhali sababbin layuka masu waldar lantarki da ke kwance a gefensa sun tsira.

Ni a ganina, mu mazauna Hijaz da Asir, dutse da ruwan sama sun fi girgizar ƙasa kusa da bututanmu. Wanda ya hau hanyar Hada zuwa Ɗa'ifa ya ga yadda gangaren yake, ya kuma san akan rufe hanyar in hadari ya haɗu saboda gangarowar duwatsu. Ruwan da ake turawa sama ta irin wannan wuri ba da wasa yake tafiya ba. Kowace mita goma ta hawa tana ƙara nauyin kilo ɗaya a kan kowace murabba'in santimita ta bangon bututu, don haka mita 1,800 kilo 180 ke nan, shi ya sa ake hawa da shi mataki-mataki, tasha bayan tasha. Bututun da ke ɗauke da irin wannan matsi in ya fashe a gangare, ruwansa da kansa zai wanke ƙasar da ke ƙarƙashinsa, ƙaramar ɓarna ta zama babba.

Zaftarewa iri biyu take samun bututu. In layin ya bi gangaren daga sama zuwa ƙasa, kuma ƙasar ta zame ta wannan fuska, sai ta ja shi a can sama ta matse shi a gindi, kuma a gindin ake samun tattarewa. In kuwa layin ya yanka gangaren a kwance, ƙasar sai ta tunkuɗe shi ta gefe, ta lanƙwasa shi a iyakokin wurin da ya zame. Masu zaɓen hanya sun fi son bin doron tsauni, in za su sauka kuma su sauka kai tsaye, domin yankan gangare a kwance yana buƙatar a sare gindin ƙasar da ke sama, wanda shi kansa ke tayar da zaftarewar. Inda ba mafita, sai a huda ta ƙarƙashi, a bi da bututun ƙasa da shimfiɗar da ke zamewa, ko a fasa rami cikin dutsen a wuce da shi, kamar yadda aka yi a layukan ruwan da ke hawa Ɗa'ifa da Abha. Tsada ce, amma ƙasar Ekwado ta ga tsadar rashin yi. Ranar 5 ga Maris 1987 girgiza ta same ta bayan an sha ruwan sama, gangaren duwatsu suka zubo, suka share gwamman kilomita na bututun manta tilo, fitar da mai ya tsaya na watanni a ƙasar da kusan da shi take ci.

Ramin bututu a gangare yana da wata illa da ba kowa ke tunowa ba. Ƙasar da aka mayar cikinsa ta fi ta gefe sassauci, don haka ruwan sama yana samun hanya a ciki, ya bi jikin bututun yana gangarawa yana kwashe ƙasa, har ramin ya zama magudana. Maganinsa katanga ce ta buhunan yashi ko kumfar roba da ake gittawa cikin ramin, tazara bayan tazara, da ƙananan bututan da ke fitar da ruwan gefe. Aiki ne mai arha wanda ɗan kwangila mai gaggawa kan so ya tsallake, tunda da an rufe rami ba mai ƙirgawa.

Sai kwari, inda dabarun biyu ke cin karo da juna. Kwarin da ya shekara a bushe, raƙuma na kiwo a cikinsa, cikin sa'a guda yana iya cika da ruwa mai tafe da duwatsu da itatuwa. Mutanen Jidda ba su manta ranar 25 ga Nuwamba 2009 ba, ranar da alhazai ke fita Mina, lokacin da ambaliya ta afka wa unguwar Ƙuwaiza da maƙwabtanta, mutane fiye da 100 suka rasu. Irin wannan ruwa yana tone gindin kwari mita da dama yayin da yake gudu, in ya lafa ya mayar da yashi ya rufe, kamar ba abin da ya faru. Bututun da aka binne sama-sama a nan sai ya wayi gari a rataye, babu komai ƙarƙashinsa, duwatsu na dukansa. Don haka a kwari ana zurfafawa ne sosai, a lulluɓe bututun da kankare don nauyi da kariya, a kuma ci gaba da zurfin har bayan gaɓar, domin kwari yana sauya hanya. Ka ga ke nan tsaga tana son rami marar zurfi da sako-sakon yashi, kwari yana son zurfi da kankare. Ga shi kuma sau da yawa kwarin a kan tsohuwar tsaga yake kwance, domin nan dutse ya fi rauni, nan ruwa ya samu ya ci. Injiniyan da ya sami kansa a nan babu littafin da zai yanke masa hukunci. Sai ya auna wanne ya fi kusa da aukuwa, ko ya matsar da mashigar gaba inda abubuwan biyu suka rabu, ko ya ɗaga bututun a kan gada. Magabata ma sun sha wannan fama. Magudanar Ainu Zubaida, wadda matar Haruna Rashid ta sa aka gina daga Wadi Nu'uman zuwa Arfa, ambaliya ta sha toshe ta da fasa ta, sarakuna suna gyarawa, kuma masu ginin sun bar ramukan sauka jere a kan hanyarta don a riƙa shiga ana yashewa.

A bakin teku matsalar ta sauya kama. Fadamar gishirin nan da ake kira sabkha, wadda ta shimfiɗu a gaɓar gabas da wasu sassan gaɓar yamma, samanta ɓawo ne mai tauri, ƙarƙashi kuwa sako-sakon yashi ne da ruwan gishiri kusa-kusa. In girgiza ta kaɗa irin wannan yashi, ruwan da ke tsakanin ƙwayoyinsa yana ɗauke nauyin, ƙasar ta zama ruwa-ruwa na ɗan lokaci. Abu mai nauyi ya nutse, bututun gas ko wanda ba komai cikinsa ya taso sama, gaɓa kuma ta malala wajen teku da duk abin da ke cikinta. Tashoshin tace ruwa da matatun mai kuwa galibinsu a bakin teku suke, wato farkon layin ne ke zaune a kan mafi raunin ƙasa. Gishirin kuma yana cin ƙarfe, bangon da aka yi lissafi da milimita 15 in tsatsa ta mayar da shi 10, lissafin ya tashi daga aiki. A Jazan har wani abu ake da shi na daban: tsohon garin yana kan tulin gishirin ƙarƙashin ƙasa, ruwa na narkar da shi, ƙasa na lotsawa, gine-gine na tsagewa ba tare da wata girgiza ba.

Bututan cikin gari, waɗanda ba a yi musu walda, Japanawa sun samo musu hanya. Suna ƙera mahaɗar da ke barin kowane guntu ya zame ciki ko waje da kimanin kashi 1 cikin 100 na tsawonsa, ya kuma ɗan karkata, amma in ya kai iyaka sai wani zobe ya kulle shi, ya jawo na gaba, na gaba ya jawo na gabansa. A girgizar Kobe ta 1995, da ta Tohoku ta 2011, bututan da ke da wannan mahaɗa sun fita lafiya a unguwannin da sauran suka yi kaca-kaca. Baƙar robar nan mai kauri da ake haɗawa da zafi ita ma ta yi rawar gani a Christchurch ta New Zealand a 2011. A gidajenmu ma, inda bututu ya fito daga ƙasa ya shiga bango ko tankin ƙasa, nan ya fi karyewa, domin ginin a kafe yake ƙasar kuwa tana lotsawa. Ɗan guntun tiyo mai lanƙwasuwa a wannan wuri ya fi kwalin siminti amfani.

Yawancin gangaren da ke kashe bututu ba rana ɗaya suke zubowa ba. Santimita kaɗan suke jan jiki a shekara, su ƙara sauri bayan ruwan sama, ƙarfen yana tara gajiya a ɓoye. Shi ya sa aikin ba ya ƙarewa ranar da aka rufe rami. Ana manna ma'aunai a jikin bututun, a shimfiɗa zaren gilashi a gefensa wanda ke nuna daidai mitar da aka fara ja, a kafa sanduna cikin gangaren don a ga zurfin da yake zamewa. Tauraron ɗan'adam mai rada yana gane motsin da bai wuce 'yan milimita ba, kuma da shi aka ga yadda ƙasa ta kumbura ta buɗe a Harrat Lunayyir. Akwai kuma na'urar da ake zurawa cikin bututun ta bi ruwa ko mai, ta fito da taswirar duk inda ya lanƙwashe, a gwada da ta shekarun baya. In aka ga ja ya yi yawa, maganin da ake yi mai sauƙi ne har ya ba mutum dariya: a rage matsi, a tone ƙasar da ke kansa tsawon mita ɗari ko ɗari biyu, a bar shi. Da idonka za ka ga ƙarfen ya ja da baya ya koma kusa da inda yake tun asali. Sai a sake rufe shi da sako-sakon yashi, a rubuta ranar, a fara ƙirga daga farko.

Duk da haka babu injiniyan kirki da zai ce layinsa ba zai taɓa karyewa ba, don haka rabin tsarin yana kan abin da zai biyo bayan karyewar. Bawul nawa ne, kuma cikin minti nawa za su rufe. Akwai layi na biyu, kuma in akwai, ta kwari ɗaya suka bi da na farkon, yadda ambaliya guda za ta ɗauke su tare? Akwai guntayen bututu masu wannan faɗi a ajiye kusa, da hanyar da babbar mota za ta kai su wurin bayan dutse ya rufe titi? Gyaran bututu mai faɗin mita biyu a tsakiyar gangare aikin kwanaki ne, wani lokaci makonni. Manyan tankunan ajiya irin na Buraiman a Jidda da waɗanda aka gina kewayen Makka da Masha'ir, wato Mina da Arfa da Muzdalifa, aikinsu ke nan, su riƙe gari har a gama. Adadin kwanakin da za su iya riƙewa kuwa a watan Safar daban yake da na ranar 8 ga Zulhajji, lokacin da mutum kusan miliyan biyu suka ƙaru a kan layin.